Fara Daga Mota

Ƙarfe biyar saura kwata na yamma, ranar wata Talata, motar haya ta sauke ni a ƙofar gidana a Kibiya. Waɗanda na tarar su ne ƙanena, da limamin unguwarmu, da maƙwabcina mai gyaran injin ban-ruwa. Daga tsibirin Zanzibar na dawo. Suka miƙe, muka yi musabaha, aka shigar mini da jaka zaure.

"Sannu da hanya, Yaya," in ji ƙanena. "An sha tafiya."

"Ya hanya, Alhaji?" in ji liman.

Na ce lafiya lau. Ya tambayi yadda na baro mutanen can, na ce lafiya lau. Ya yi addu'a, muka shafa, kowa ya kama gabansa. Ba su yi laifin komai ba. Haka gaisuwa take, a tambaye ka hanya ka ce lafiya, ko da a daji ka kwana. Amma ni akwai abin da na saba da shi bayan gaisuwa, kuma dole in bayyana shi kafin in ci gaba.

Sana'ata awon hatsi. Tun ina saurayi nake bin kasuwanni, yau Rano, gobe Kano, wani lokaci har can gabas. Mai ɗakina kuwa ba ta taɓa wuce Kano ba, Kanon ma sai asibiti ko biki. Duk ranar da na dawo daga tafiya, tsarinta ɗaya ne. Ruwan sha tukuna, sannan ruwan wanka, sannan tuwo. In na wanke hannu sai ta jawo kujerarta 'yar tsuguno ta zauna hagu da ni, da faifan wake ko gyaɗa a cinyarta, ta ce, "To, Malam, fara daga mota."

Sai in fara. Wace mota na hau, wa ya zauna kusa da ni, a ina taya ta yi faci, me aka ce a tasha. Idan na yi gaggawa sai ta ɗago kai. "Ka tsallake. Ka bar ni a Bunkure, ga ka a cikin Kano. Wa ya kai ka?" Dole in koma Bunkure in ɗauko ta. Labarin aikin Hajjina sai da ya ci mana damina guda. Ba ta ce mini sannu da zuwa a bakin ƙofa kamar sauran mata. Sai labari ya juyo, ya biyo hanya, ya iso ƙofar gida, sannan ta kakkaɓe faifanta ta ce, "Yanzu ka dawo. Sannu da zuwa."

Ta rasu da kaka, bayan gajeriyar jinya. Allah ya gafarta mata.

'Yarmu ta fari tana aure a wancan tsibiri, inda aikin asibiti ya kai mijinta. Da aka kwana biyu da rasuwar suka matsa sai in je in huta. Na ce hutu na ma'aikacin gwamnati ne. Ƙanena ya ce zaman da nake yi a tsakar gida ni kaɗai ya fara ba shi tsoro. Da aka gama shigar da dawa rumbu, na yarda.

Sun kula da ni, wannan ba na musu. Amma akwai abin da ba su lissafa ba, ni ma ban lissafa ba. Ita 'yar fari ce, tsakanina da ita akwai alkunya. Ban taɓa kiran sunanta ba, ba mu taɓa zama hira ba. Tana durƙusawa ta gaishe ni, ta ajiye abinci, ta fita. Shi kuma suruki ne, ba ya cin abinci a gabana, ba ya haɗa ido da ni. Shi yake fita da ni ganin gari, yana tafe a bayana kaɗan. Duk abin da na ce, sai ya ce, "Haka ne, Baba." Wata rana don in gwada shi na ce ina jin wannan teku ba ta kai ruwan dam ɗin Tiga girma ba. Ya ce, "Haka ne, Baba, kusan."

Saboda haka na koma ga abin da na iya. Duk abin da na gani sai in ajiye shi a gurbinsa a cikin kaina, wannan bayan wancan, kamar yadda ake jera buhuna. Ina jerawa ina gyara yadda zan faɗe shi. Ban tsaya na tambayi kaina wa zan faɗa wa ba. Sai a wannan Talata, bayan liman ya tafi, na shiga cikin gida. Matar ƙanena ta aiko da tuwo, na ci, na wanke hannu. Kujerar tana jingine a bakin madafa inda aka bar ta. A nan na san ina ɗauke da labarin tsibiri guda, kuma in ban sauke shi daga farko har ƙarshe ba, a lissafin gidan nan ban dawo ba.

Na fara gwada ƙanena. Washegari na kai masa tsarabarsa, na ce ya zauna. Na soma daga mota. Ban kai Rano ba wayarsa ta yi ƙara, mai taki ne. Ya gama, ya ce, "Ina jin ka, Yaya, kun sauka lafiya ke nan." Na ce ban ma hau jirgi ba. Ya yi dariya, ya ce albasarsa na jiran ruwa, a bari sai an jima. An jimar ba ta zo ba.

Na gwada majalisarmu ta gindin dalbejiya, bayan kasuwa ta watse. Suka ce in ba su labari. Na gyara zama na ce motar da na hau daga nan ta wani ɗan garin Nariya ce.

"Alhaji, bar motar nan, mun san ta," in ji wani dillalin shanu. "Kai mu teku. Da gaske ne Turawa kwance suke a rana ba tufafin kirki?"

Na ce za a zo wurin.

"Sai yaushe? Sai an yi girbi?"

Aka yi dariya. Maƙwabcina mai gyaran inji ya zaro wayarsa, ya laluba, ya ce ga tsibirin nan duk a ciki. Aka taru a kansa ana kallon hotuna. Da suka ƙoshi suka koma zancen siyasa. Ni mutum ne da ba na roƙon kunne. Na ɗauki sandata na tafi gida.

Saura mutum ɗaya. Ina da taubashi a Rurum Tsohon Gari, ɗan kawuna, ya girme ni kaɗan. Shi ɗan namiji ne, ni ɗan mace, don haka tun muna yara bawansa yake kirana. Ciwon ƙafa ya zaunar da shi a zaure, ba ya zuwa ko'ina. Na ƙulla masa kanumfari da kirfa, da hula irin ta mutanen can mai ƙananan huji. Na hau mota zuwa Rano, daga nan ɗan acaɓa ya ƙarasa da ni, muka yi da shi zai jira ni.

Na yi sallama. Ya leƙo ta ƙarƙashin gira.

"A'a, bawana ne. Wa ya ba ka izinin haye teku?"

"Ubangidan da ba ya iya tashi, izinin me zai bayar?"

"Miƙo abin da ka sato mini."

Ya ɗora hular a kansa, ta tsaya a tsakiya ba ta shiga ba. Ya ce da gangan na sayo ƙarama. Na ce kan ne ya wuce misali. Aka kawo fura, muka sha. Sannan ya jingina da bango, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya dube ni.

"Daga ina ma marigayiya take cewa ka fara?"

Ban san ya sani ba.

"Daga mota."

"To, fara daga mota."

Na fara. Na ba shi motar ɗan Nariya, da kwana a Kano, da jirgi, da canjin jirgi a ƙasar Habasha inda sanyi ya kama ni. Na ba shi saukarmu a tsibirin, da irin zafinsu mai laima, wanda riga ke manne wa mutum tun da safe. Bayan nan na shiga da shi tsohon garinsu. Lungunan sun fi na cikin birnin Kano matsi, gidajen na dutse ne masu bene, ƙofofin katako ne da aka sassaƙa wa furanni aka buga musu ƙusoshin tagulla manya kamar kan tabarya. Na ce masa mutanen Musulmi ne, ba na jin yarensu, amma da liman ya ta da sallah sai na ji kamar a Kibiya nake.

"Sun san kai bawa ne?"

"Sahun gaba suka sa ni."

"Ba su da labari."

Daga nan na kai shi gonar kayan yaji. Na ce kanumfarin da ke hannunsa fure ne da bai kai ga buɗewa ba, a kan itace mai tsayi yake, ana tsinke shi a shanya a tabarma har ya yi baƙi. Kirfa kuma ɓawon itace ce, a gabana aka yanko. Masoro yana nannaɗe bishiya kamar yadda wake ke hawa karan dawa. Ya kwance ƙullin, ya ɗauki ƙwayar kanumfari ɗaya ya kai kusa da ido.

"Fure? Shekara nawa ina tauna wannan abu don ciwon haƙori, ashe fure nake ci kamar akuya."

Na ba shi mutumin da ya ɗaure ƙafafunsa da igiya ya haye bishiyar kwakwa yana waƙa, ya jefo mana, aka fasa muka sha ruwan. Ya tambayi ɗanɗanon, na ce tsakanin ruwa da madara, bai kai kowanne ba. Bai katse ni ba sai don tsiya, kuma in ya gama tsiyar yakan mai da ni daidai inda na tsaya. Sau ɗaya na yi tsalle daga gona zuwa bakin ruwa, ya ce, "Kai, ba ku ci abinci ba?" Na koma na ba shi shinkafar da aka dafa da ruwan kwakwa.

Sannan muka shiga kwale-kwale mai inji zuwa wani ƙaramin tsibiri inda ake kiwon kunkuru. Na ce masa kunkurun can ya kai a ce an kife kwandon auduga, wuyansa kamar hannun mutum, ana ba shi ganye yana karɓa. Masu wurin sun ce wasunsu sun girmi kakanninmu.

"Yanzu ka fara ƙarya, bawa."

"Na dafa bayansa da hannuna."

"Wa ya riga wani tafiya, kai ko shi?"

A nan aka kira la'asar. Muka yi sallah, shi a zaune. Da muka idar ɗan acaɓa ya leƙo ya ce shi fa ba ya bin wannan hanya in rana ta faɗi, kuma motar Kibiya ta ƙarshe ba ta jira. Na miƙe. Taubashina ya riƙe bakin rigata.

"Ka bar ni a kan kunkuru. Ka dawo ka sauke ni."

Na ce bayan cin kasuwa zan dawo.

Na cika alkawari. Bayan kasuwa na hau mota, na hau acaɓa, na iso na tarar da zaure a rufe. Matar ɗansa ta gaya mini daga bayan ƙofa cewa ya faɗi da asuba wajen alwala, ɓarin jikinsa ya shanye, 'ya'yansa sun tafi da shi Kano. Na bi shi Kano. Yana kwance a gidan babban ɗansa, ɗakin cike da 'yan dubiya. Magana ta ɗauke. Na durƙusa na kama hannunsa mai lafiya, na ce, "Bawanka ne." Ya dube ni, leɓensa ya motsa. Ɗan ya ce likita ya hana a dame shi da surutu. Dubiya ba ta son dogon zama. Na yi addu'a na fito. Hular tana rataye a ƙusa saman gadonsa. Na sake komawa bayan haka, babu abin da ya canja, kuma 'ya'yan sun ce ba za su mai da shi Rurum ba.

To, labari ya tsaya a kan kunkuru. Abin da ya biyo baya babu mahalukin da ya ji shi. Karatuna firamare ne da allo, rubutu ba sana'ata ba ce, amma zan ƙarasa shi a nan bisa tsari.

Bayan kunkuru, suruki ya kai ni wani daji mai duhuwa inda ake kallon birai masu jan baya da farin gashi a goshi. Ba sa gudun mutum. Na yi tunanin da a gonar masarata suke da ba kallo za a yi ba. Bayan birai, ya sa ni a jirgin ruwa na katako wanda ba shi da inji, wani ƙaton farin ƙyalle ake ɗaurawa iska ta tura shi. An ce ana hawansa ne don kallon faɗuwar rana. Na kalla. Rana ce dai irin tamu, sai dai a ruwa take nutsewa, ba a bayan duwatsun Rano ba. Turawan da dillali ya tambaya na gan su, kwance a rairayi suna gasa jikinsu. Na kau da kai. Iyakar labarinsu ke nan.

Na ƙarshe shi ne wanda na fi tanada. Suruki ya kai ni wani ƙauyen masunta a gabashin tsibirin, muka kwana. Da yamma na ga teku tana dukan gindin bishiyoyin kwakwa, jirage suna rawa a kanta. Da hantsi na fito, babu teku. Ta janye can nesa har sai mutum ya ƙanƙance ido zai hango ta. Jiragen suna kwance a kan rairayi, kowanne ya karkata gefe ɗaya. Na ɗauka wata masifa ce. Amma na ga mata suna fitowa daga ƙauye da buhuna da igiyoyi, suna ta hirarsu, suna shiga inda ruwa yake jiya.

Na tuɓe takalmi na bi su daga nesa. Suruki ya tsaya a bakin gaɓa yana riƙe da takalman. Na yi tafiya mai tsawo a kan farin rairayi mai sanyi, ruwa iya idon sawu. Abin da na tarar shi ne gona. Sun kafa turaku a jere, sun ja igiya daga wannan zuwa wancan, layi bayan layi, daidai kamar kunyoyin gona. A jikin igiyoyin suna ɗaura wata ciyawar ruwa, suna tsinke wadda ta girma suna zubawa a buhu. Kowace mace ta san iyakar gonarta. Wata dattijuwa tana zaune a cikin ruwan, ƙafafu a miƙe, tarin ciyawa a cinyarta tana tsincewa, kanta a sunkuye.

Na juya hagu na ce, "Kin ga, noma suke yi a cikin teku."

Da ƙarfi na faɗa. Dattijuwar ta ɗago ta dube ni, ta ce wani abu da yarensu, ta yi murmushi, ta koma kan aikinta. Can na ga matan suna ɗaukar buhuna a ka suna juyawa, ɗaya ta nuna mini gabas da hannu. Ruwa ne yake dawowa, a hankali, ba hayaniya. Na biyo su. Kafin azahar gonar ta nutse, jiragen sun tashi suna rawa kamar jiya.

Na tambayi suruki, "Kullum haka take tafiya ta dawo?"

Ya ce, "Kullum, Baba. Ba ta saɓa lokacinta."

Ya ajiye mini takalma na saka.

Saura komowa. 'Yata ta durƙusa ta yi mini sallama, ta ce in gai da gida, tana share ido da gefen mayafi. Na sa mata albarka. Jirgi ya tashi da safe, na ga tsibirin ta taga, kore a tsakiyar shuɗi, har gajimare ya rufe shi. Muka canja a Habasha. Muka sauka Kano, na kwana a wurin wani abokin ciniki. Washegari na je tasha, na samu gidan gaba. Kusa da ni wani malamin makaranta ne da ya yi barci tun daga fita gari. A Bunkure muka tsaya aka sauke buhunan siminti, direba ya sha rake. Muka wuce Rano, duwatsu suna nan inda na bar su. Aka ɗauki wata mata da kaji biyu. Ƙarfe biyar saura kwata motar ta tsaya a ƙofar gidana.

Labari ya iso ƙofa ke nan, ban tsallake komai ba.

Mai karatu, roƙona gare ka biyu ne, kuma ga su bi da bi. Ka yi wa mai ɗakina addu'ar rahama, ka haɗa da taubashina Allah ya ba shi lafiya. Sannan, tun da kai ne ka zauna ka ji shi har ƙarshe, maganar da ta rage a bakinka take. Ba sai ka neme ni ba. Daga inda kake zaune, ka ce mini na dawo, ka yi mini sannu da zuwa.